Neman gurbi da wuri a manyan jami'o'in Amurka: abin da sa hannu yake ɗora wa ɗalibi

Takardar alkawarin ED, wadda wasu jami'o'in Amurka ke ba mai neman gurbi da wuri, gajeriya ce, amma mutum uku take bukata su sa hannu: ɗalibi, mahaifinsa ko waliyyinsa, da malamin da ke kula da masu neman jami'a a sakandarensu. Abin da take cewa shi ne, idan wannan jami'a ta ɗauke ni, zan zo, kuma zan janye duk takardun da na aika wa sauran jami'o'i. Da yawa cikin yaranmu masu ƙoƙari, a Kano ko Yamai ko Kumasi, suna kaiwa wannan gaɓa ba tare da wani ya zaunar da su ya bayyana musu nauyinta ba. Iyaye kuma sukan ɗauka irin zaɓin farko ne na JAMB, wanda in an ga dama daga baya sai a canza makaranta, alhali wannan ba a warware shi cikin sauƙi haka.

A tsarin yau da kullum, manyan jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardu a farkon Janairu, su ba da amsa a ƙarshen Maris, ɗalibi kuma yana da har 1 ga Mayu ya zaɓi inda zai je. Amma akwai ƙofar da ake buɗewa kafin wannan. Yawanci ana rufe ta 1 ga Nuwamba, amsa ta fito a tsakiyar Disamba. Ƙofar nan iri uku ce, kuma a fom za ka gan su da haruffa: EA (Early Action), REA (Restrictive Early Action) da ED (Early Decision).

Maganar aure ta fi saurin fito da bambancin. EA gaisuwa ce kawai. Ka nema da wuri, an ba ka amsa da wuri, ba a ɗaure ka da komai ba, kana iya neman wasu a lokaci guda, ka jira har Mayu. Jami'ar MIT haka take yi. REA kuwa kamar an kai kuɗin na-gani-ina-so ne: ba a sa rana ba, in an ɗauke ka kana da 'yancin cewa a'a, amma a wannan zagaye na farko ba za ka je neman wuri a wata jami'a mai zaman kanta a Amurka ba. Harvard da Yale da Princeton da Stanford duk wannan tsari suke bi, kuma sun yarda ka nemi jami'o'in gwamnati da na ƙasashen waje matuƙar ba alkawarin dole a ciki. Saboda haka wanda ya tura wa Harvard a Nuwamba ba zai tura wa MIT a zagayen ba, domin Harvard ta hana, ko da yake MIT ba ta damu ba. ED shi ne baiko. Jami'a ɗaya tak, in ta ce ta amince, magana ta ƙare. Biyar daga cikin jami'o'i takwas na rukunin Ivy, wato rukunin fitattun jami'o'in Amurka masu zaman kansu, suna kan wannan: Brown, Columbia, Cornell, Dartmouth da Penn. Haka Duke da Northwestern da Johns Hopkins da ƙananan kwalejoji masu suna irin su Amherst da Williams.

Mutane sukan tambaya ko ɗaurin ED doka ce. Ba dokar ƙasa ba ce, kuma ba a kai ɗalibi kotu don ya saɓa. Alkawari ne na mutunci. Sai dai saɓa shi yana da tsada. Jami'ar da ta gano cewa ka yi baiko biyu, ko ka ƙi janye sauran takardunka, tana iya soke gurbin da ta ba ka, ɗayar ma ta bi sahu. An san wasu kwalejoji suna musayar sunayen waɗanda suka ɗauka ta wannan hanya, har ma'aikatar shari'a ta Amurka ta buɗe bincike a kan al'adar a 2018. Abin da ya fi damuna ma shi ne malamin da ya sa hannu. Shi ke aika sakamakon ɗalibi, sunan makarantarsa ke kan takarda. In yaro ya zame, ƙannensa da za su nema daga wannan makaranta baɗi su za su tarar da ƙofa ta yi nauyi.

To me ke jan mutane su ɗaure kansu? Lissafi. Jami'o'i irin su Harvard da MIT suna ɗaukar ƙasa da mutum 5 cikin kowane 100 da suka nema. A jami'o'i masu ED, rabon waɗanda ake ɗauka a zagayen farko yakan ninka na zagayen Janairu sau biyu ko uku, kuma wasu, kamar Penn, suna cike kusan rabin ajin da masu baiko. Wani bincike da Christopher Avery da Richard Zeckhauser na Harvard suka wallafa da abokin aikinsu a 2003 ya nuna cewa nema da wuri yana daidai da ƙarin maki kusan 100 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka. Dalilin a fili yake: jami'a tana son wanda ta tabbata zai zo, don ta san kujeru nawa ta cike da kuɗi nawa za su shigo. Amma kada alƙaluman su ruɗe ka. Cikin masu nema da wuri akwai 'yan wasan da koci ya riga ya zaɓa, da 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, waɗanda kusan an gama maganarsu tun kafin a buɗe fayil. In aka cire su, tazarar takan ragu. Nema da wuri yana taimakon wanda takardunsa suka riga suka kai. Wanda bai kai ba, amsar ƙi kawai zai samu da wuri.

Su kansu jami'o'in sun san tsarin yana da aibi. A 2006 Harvard ta sanar da soke neman wuri gaba ɗaya, tana cewa masu hali yake ƙara wa gata, Princeton da Jami'ar Virginia suka bi ta. Sauran ba su bi ba, suka ci gaba da kwashe ɗalibai tun Disamba. A 2011 Harvard da Princeton suka dawo da shi, amma ba tare da ɗauri ba.

Aibin da suke nufi maganar kuɗi ce, kuma nan ne ya kamata ɗan talaka ya fi tsayawa. Karatu da ɗaki da abinci a waɗannan jami'o'i ya haura dala 80,000 a shekara. Kusan duk wanda zai tafi daga wajenmu tallafi yake bukata. Mai nema a Janairu, in Allah ya sa jami'a uku suka ɗauke shi, zai shimfiɗa takardun tallafinsu uku a kan tabarma ya gwada: wannan ta ɗauke kuɗin inshorar lafiya, waccan ta bar masa, wannan ta sa kuɗin jirgi. Yana ma iya nuna wa ɗaya tayin ɗaya ya nemi ƙari. Mai ED tayi ɗaya zai gani, ba shi da abin gwadawa.

Akwai mafita a cikin yarjejeniyar kanta. Idan ka nemi tallafi, aka ba ka wanda ba zai isa ka iya zuwa ba, kana iya neman a sake ka, kuma ana sakin mutum. Amma dubi yadda abin yake a zahiri. Yarinya ta buɗe waya da daddare a tsakiyar Disamba ta ga an ɗauke ta, gida ya kaure da guɗa. Ga takardar tallafi ta ce iyali za su kawo dala 6,000 a shekara. Mahaifinta ya juya kuɗin zuwa naira, ya yi shiru. Ta ce, "Baba, in muka ce a'a, shi ke nan an rasa." Gaskiya ta faɗa. In ta nemi saki, gurbin ya tafi, kuma makonni biyu ko uku suka rage a rufe zagayen Janairu. Iyalai da yawa a wannan hali sukan karɓi abin da ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa dole a kammala sauran takardun tun kafin amsar Disamba ta fito, kuma kafin a janye komai a ga takardar tallafi da ido, a nemi a sake dubawa in ta gaza.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta fi ta ED tasiri a kan baƙo. Yawancin jami'o'in Amurka, idan ɗalibi ɗan ƙasar waje ne, suna duba ko zai iya biya kafin su yanke shawarar ɗaukarsa. Stanford da Columbia da Cornell suna cikin masu dubawa. 'Yan kaɗan ne suka ce ba sa kallon aljihun kowa, baƙo ko ɗan gida, kuma za su cike duk giɓin da suka lissafa: Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst sun daɗe a haka, Dartmouth da Bowdoin suka shigo a 2022, Brown ta biyo baya. Lissafin giɓin nasu ne, daga bayanan da iyali suka cike a fom ɗin tallafi, wanda a wurare da yawa shi ne CSS Profile, kuma shi ma a farkon Nuwamba ake son sa.

Ra'ayina ke nan. Wanda gidansu za su iya biya, kuma ya tabbata jami'a ɗaya ce a ransa, ED tasa ce, ya yi amfani da ita. Mai bukatar cikakken tallafi kuwa ya fara da tambayar kuɗi kafin tambayar suna. In takardunsa sun kai, ƙofar da ba ta da ɗauri a jami'ar da ba ta kallon aljihu ta fi masa kwanciyar hankali. In kuma zai yi baiko, ya yi shi da wadda ta rubuta a fili cewa tana cike wa baƙi giɓinsu duka, kuma wadda zai yi murna da ita ko da wata mafi suna za ta kira shi gobe. Harsashi ɗaya gare shi a zagayen nan. Harba shi ga jami'ar da alƙalumanta suka nuna ya yi mata nisa, don kawai sunanta, asara ce.

Amsar Disamba uku ce: an ɗauka, an ƙi, ko an ɗage zuwa zagayen Janairu. Wanda aka ɗage ko aka ƙi, alkawari ya sauka daga wuyansa. Wasu jami'o'i, irin su Chicago da NYU da Vanderbilt, suna da baiko na biyu, ED II, da ake rufewa a Janairu, amsa a Fabrairu, da sharuɗɗa iri ɗaya.

Saura shiri. Ɗan aji uku na babbar sakandare da zai nema a Nuwamba bai rubuta WAEC ba tukuna, don haka sakamakon makarantarsa na shekarun baya da wasiƙun malamai ne za su yi masa magana. MIT da Harvard da Dartmouth da Brown sun dawo da sharaɗin jarrabawar SAT ko makamanciyarta, kuma zaman Oktoba ne yawanci na ƙarshe da ke isa a kan kari. Makarantunmu da yawa ba su da malami na musamman mai wannan aiki, sai shugaban makaranta ko mataimakinsa ya tsaya a gurbin, to a fassara masa abin da zai sa wa hannu dalla-dalla. Cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ke Abuja da Legas suna ba masu neman karatu a Amurka shawara kyauta. Biza kuma maganarta daban ce da ta jami'a: a Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a Disamba ta faɗaɗa matakin ya shafi Nijar da Najeriya. Kafin kowa ya ɗauki alkawarin da zai sa ya janye takardunsa na Birtaniya ko Kanada, ya tambayi ofishin jakadanci halin da bizar ɗalibai take ciki ga mai fasfo irin nasa, ya kuma rubuta wa jami'ar ya ji ko za ta ajiye masa gurbinsa shekara guda in bizar ta ƙi fitowa.