In aka tuhumi mai ƙungiyar ƙwallo da zamba, ina makomar ƙungiyar?

Duk lokacin da labari ya zo cewa an gurfanar da wani attajiri mai kulob a gaban shari'a, sai ka ji a fadojin Yamai ana cewa ƙungiyar ta mutu ke nan. Doka ba haka ta ce ba. A wajenta mutum daban, ƙungiya daban. In an yi wa kulob rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta Nijar ta 1984, ko an kafa shi a matsayin kamfani bisa dokokin kasuwanci na OHADA, wato dokokin bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka suke bi, to yana da sunansa da asusunsa da bashinsa, kuma laifin shugaba yana wuyan shugaba. Shi kansa wanda ake tuhuma, doka tana ɗaukarsa marar laifi har sai alƙali ya yanke hukunci.

Amma kafin a kai ga hukunci akwai bincike, kuma a nan ƙungiya take jin jiki. Mai gabatar da ƙara yakan miƙa babbar shari'ar kuɗi ga alƙali mai bincike. A Yamai akwai sashen kotu na musamman da aka ware wa irin waɗannan laifuffuka. Alƙalin nan yana da ikon tsare mutum a gidan kaso ko ya yi masa sakin talala, yana kuma iya rufe asusu da riƙe dukiya har a gano tushenta. Wannan kan ɗauki watanni, wani lokacin shekaru, alhali gasa ba ta jiran kowa.

To wane asusu za a rufe? Kulob-kulob na soja, jandarma, duwan da ƴan sanda suna da hukuma a bayansu, ko an canza shugaba sai a ci gaba. Waɗanda ke cikin haɗari su ne masu rayuwa da aljihun alhaji guda. Kowa ya san yadda abin yake: ƙarshen wata shugaba ya zo filin horo da ambulan, a kira sunaye a miƙa wa kowa nasa a hannu, ba rasit, ba sa hannu. Man motar da za ta kai ƴan wasa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, daga shagonsa ake biya. Motar ma in ka duba takardunta, sunansa ne a kai. Ranar da aka rufe asusunsa, ba wanda ya rufe kulob, amma ba mai, ba albashi, motar kuma tana cikin dukiyar da aka riƙe. Idan kuma bincike ya nuna kuɗin zambar ta asusun kulob suka bi, maganar ta koma halatta kuɗin haram, sai shi ma asusun kulob ɗin a rufe shi.

Ƙwallo kuma yana da tasa dokar, wadda ba ruwanta da ko an kama shugaba. Tun 2018 ƙa'idar FIFA ta ce ɗan wasan da ya bi kulob albashin wata 2 zai iya rubuta masa takardar gargaɗi ta kwana 15. In ba a biya ba, ya kama gabansa, kuma ya nemi diyya. Baƙon ɗan wasa, a ce daga Gana ko Najeriya, kai tsaye FIFA zai kai ƙara, ita kuwa tana iya hana kulob ɗaukar sababbin ƴan wasa har sai ya biya. Ɗan gida sai ya nufi FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ko kotun ma'aikata. Ita ma CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ba ta ba da lasisin shiga gasarta ga kulob mai bashin albashi.

Abin da ya faru a Turai ya isa misali. A Italiya, kamfanin madara na Parmalat ya durƙushe a Disamba 2003, aka kama mai shi, Calisto Tanzi, daga baya aka ɗaure shi. Kulob ɗinsa na Parma bai mutu ba: an damƙa shi ga mai kula na musamman, ya ci gaba da wasa a Serie A har aka sayar da shi a 2007. A Sikotilan kuwa akasin haka aka gani. Kotu ta wanke Craig Whyte, tsohon mai kulob ɗin Rangers, daga zargin zamba a 2017, amma tun 2012 bashi ya riga ya rusa kamfanin Rangers, kulob ɗin ya koma farawa daga rukuni na huɗu. Inda kulob ke ɗaukar hukunci kai tsaye shi ne in maguɗin ya taɓa wasan kansa, kamar Marseille ta Bernard Tapie, da aka ƙwace wa kambun gasar lig ta Faransa na 1993 saboda sayen wasa, aka kuma saukar da ita rukuni na biyu a 1994.

Mu ma muna da hanya irin ta Parma a dokar OHADA, sai dai ban ga shugabannin kulob na son bin ta ba, don suna ganin tonon asiri ne. Ƙungiyar da ta kasa biyan bashin da ya wajaba a kanta, dole ta sanar da kotu cikin kwana 30. In alƙali ya ga za ta iya farfaɗowa, sai ya naɗa mai sa ido, a dakatar da masu bin bashi, a tsara yadda za a biya su. In ba hali, a sayar da kadara a raba. Wajen rabon, ma'aikata ne a sahun gaba. To amma sai ka tabbatar kai ma'aikaci ne. Mai tsaron gidan da ya yi kaka uku yana karɓar ambulan a hannu, ba kwantiragi, ba takardar albashi, zai sha wahala kafin ya gamsar da alƙali nawa ake biyansa, balle nawa yake bi.