Sauya haɗin sadarwa a kwamfutar kwaikwayo tana cikin aiki

Wannan dabara ce ta ƙara katin sadarwa (abin da ke haɗa kwamfuta da hanyar sadarwa), ko cire shi, ko mayar da shi kan wata hanya a kwamfutar kwaikwayo ba tare da an kashe ta ba. Kwamfutar kwaikwayo manhaja ce da ke aiki kamar cikakkiyar kwamfuta a cikin wata. Ana kiran ta baƙuwa, ita kuma ta ainihin ana kiran ta mai masauki.

Tarihi

Kamfanin IBM ne ya fara irin waɗannan kwamfutoci da tsarin CP-40 a wajajen tsakiyar shekarun 1960, sannan ya fitar da VM/370 a 1972. Ƙananan kwamfutoci sun samu rabonsu bayan kafa kamfanin VMware a 1998. A cikin manhajojin da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo, Xen ya fito daga Jami'ar Cambridge a 2003, KVM kuma ya shiga Linux a 2007, aikin kamfanin Qumranet da Red Hat ya saya a 2008. A daidai wannan lokacin Rusty Russell ya samar da virtio, wanda ya sauƙaƙa wa baƙuwa mu'amala da katin kwaikwayo. Microsoft ya makara: sai a Windows Server 2016 ne Hyper-V, manhajarsa ta kwamfutocin kwaikwayo, ya ba da damar ƙara kati ana cikin aiki, shi ma ga kwamfutocin kwaikwayo na zubi na biyu (Generation 2) kaɗai.

Yadda ake yi

Sauyin mai sauƙi yana faruwa ne a ɓangaren mai masauki. Ana ɗauke haɗin daga wata gada (mahaɗar da ke sada baƙuwa da hanyar sadarwa) zuwa wata, ko a yanke shi na ɗan lokaci, baƙuwa ta ga kamar an zare mata waya an mayar. A libvirt, manhajar sarrafa kwamfutocin kwaikwayo, ana amfani da umarnin virsh update-device ko domif-setlink.

Ƙara kati ko cire shi ya fi wuya, domin sai baƙuwa ta ba da haɗin kai. Mai masauki yakan aika mata sanarwa ta ACPI ko PCI Express (ƙa'idojin da kwamfuta ke bi wajen hulɗa da na'urorinta), idan ba ta amsa ba katin ba ya fita. Wanda ya saka --live (sauyi nan take) kaɗai a umarnin virsh, ya manta --config (adana sauyin), sauyin zai ɓace da zarar an kashe kwamfutar an kunna.

Iyaka

VirtualBox, wata manhajar kwamfutocin kwaikwayo, yana barin a sauya nau'in haɗi ana cikin aiki, amma ba ya barin a ƙara sabon kati. Bayan sauya gada, baƙuwa takan riƙe tsohon adireshin IP har sai ta nemi sabo daga DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi.