Ghost Stories: kundin da Coldplay suka fitar a shekarar da auren Chris Martin ya mutu

Wane kundi ake magana a kai, kuma su wa suka yi shi?

Coldplay rukunin makaɗa ne na mutum huɗu daga Birtaniya: Chris Martin mai rera waƙa da kaɗa piyano, Jonny Buckland mai gita, Guy Berryman mai gitar bass, sai Will Champion mai ganguna. Tun suna ɗalibai a jami'ar UCL da ke Landan suka haɗu, suka yi suna a reshen kiɗan rock da ake kira alternative. Ghost Stories shi ne kundinsu na shida, ya fito a watan Mayun 2014 da waƙoƙi tara. Ma'anar sunan a Hausa kusan ita ce "labaran fatalwa".

To ina fatalwa ta haɗu da mutuwar aure?

Ba fatalwar tatsuniya ake nufi ba. A hirar da ya yi da Zane Lowe a gidan rediyon BBC kafin kundin ya fito, Martin ya bayyana cewa fatalwar ita ce abin da ya wuce a rayuwar mutum amma ya ƙi barinsa, yana binsa cikin yau ɗinsa da gobensa.

Abin da ya wuce ɗin kuwa duniya ta riga ta sani. Martin ya auri 'yar fim ɗin Amurka Gwyneth Paltrow a watan Disambar 2003, suka haifi 'ya'ya biyu. A watan Maris na 2014, wata biyu kacal kafin fitowar kundin, sai ga sanarwa a shafinta na Goop cewa sun rabu. Sunan da suka ba rabuwar, "conscious uncoupling", wato raba gari cikin hayyaci, ba kare bin damo, ya zama abin zolaya a jaridu na tsawon makonni. Kotu ba ta kammala raba auren ba sai a 2016. Saboda haka ko da kundin ya iso, kowa ya kasa kunne ne yana neman Gwyneth a cikin kowane baiti.

Sun same ta?

Ba yadda suka so ba. Babu sunanta, babu habaici, babu zambo, babu ko baiti ɗaya na tonon silili. Abin da ke ciki shi ne mutum a farke cikin dare, barci ya ƙaurace masa, yana tuna wadda ta tafi. A waƙar "Another's Arms" hoton da ya zana ƙarami ne ƙwarai: kallon talabijin da daddare, abin da a da suke yi su biyu, yanzu shi kaɗai. A "True Love" kuwa roƙo yake yi a ce ana sonsa ko da ƙarya ce. Cikin waƙar akwai wani wurin da gitar Buckland ke fita daga layi da gangan, kamar muryar mai kukan da ta karye.

Ko bangon kundin ma haka yake: fukafukai biyu na mala'ika a kan shuɗi mai duhu, aikin Míla Fürstová 'yar ƙasar Czech. In ka ƙura musu ido, sai ka ga sun yi kama da zuciyar da aka tsaga biyu.

Kiɗan ya bambanta da wanda aka saba ji daga gare su?

Sosai. Kundin da ya gabace shi, Mylo Xyloto na 2011, na cika filin wasa ne, ga launuka ga hayaniya, har da Rihanna a ciki. Wannan kuwa sun sassauta komai: gangar na'ura a hankali, piyano, murya ƙasa-ƙasa. A "Midnight", wadda Jon Hopkins, mai haɗa kiɗan na'ura, ya sa hannu a ciki, an bi da muryar Martin ta na'ura har da ƙyar ake gane kalmomin, shi ya sa masu sharhi da yawa suka ce salon rukunin makaɗan Amurka Bon Iver suka ara.

Waƙa ɗaya ce ta fita zakka, "A Sky Full of Stars", wadda suka yi da marigayi Avicii, mai haɗa kiɗan rawa ɗan Sweden. Kiɗan rawa ce tsantsa, ta faɗo kusa da ƙarshen kundi kamar mai kalangu ya shigo gidan makoki. Ita ce kuma ta fi duk sauran karɓuwa, har yau ba ta fita daga wasanninsu ba.

Me masu sharhi suka ce?

Kansu ya rabu. Shafin Metacritic, mai tattara makin da jaridu suka bayar, ya tsayar da shi a 61 cikin 100, wato ba yabo ba fallasa. Masu shafin sharhin kiɗa na Pitchfork kuwa ba su raga masa ba, 4.4 cikin 10 suka ba shi.

Waɗanda suka yaba sun ce a karon farko cikin shekaru Coldplay sun daina ƙoƙarin cika duniya da sauti, sun zauna sun yi magana kamar mutane. Waɗanda suka kushe kuma, ƙorafinsu kusan ɗaya ne: baƙin cikin ya cika ladabi. Mutum ya rabu da matarsa ta shekara goma, amma kalmominsa irin waɗanda kowane saurayi zai iya rera wa kowace budurwa ne. Babu fushi, babu laifin kowa, babu abin da zai soki mai sauraro.

Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

A ganina masu sukar sun cakuɗa abu biyu. Na farko, sun so ya fasa ƙwai, bai fasa ba. Wannan ba aibi ba ne. Uwar 'ya'yansa ce, yaran kuma a lokacin ƙanana ne, wata rana za su girma su saurari faifan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na biyun kuma a nan suna da hujja. Rufa asiri daban, rashin zana hoto daban. Mawaƙi zai iya ɓoye sunan mace ya kuma nuna maka kujerar da take zama, ko ƙofar da ta rufe ranar da ta fita. Duk inda Martin ya yi hakan, kamar wurin talabijin ɗin nan, waƙar tana kama zuciya. Amma sau da yawa sai ya gudu zuwa taurari da teku da tsuntsaye, inda ciwon ke narkewa ya zama kiɗan sa barci. Rabin kundin yana da rai, rabi kuma yana wucewa ba ka san ya wuce ba.

Sukar ta taɓa kasuwarsa?

Ko kaɗan. Ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka, inda aka sayar da kwafi kusan 383,000 a makon farko a Amurka kaɗai. An kuma sa shi takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy ta 2015, sai dai a rukunin kundin pop ba na rock ba, Sam Smith ya lashe. Abin lura, ba su zagaya manyan filaye da shi ba. 'Yan wasanni kaɗan suka yi a zauruka, irin su Royal Albert Hall na Landan da Beacon Theatre na New York.

Bayan nan fa?

A Disambar 2015 suka fitar da A Head Full of Dreams, suka koma launuka da hayaniyarsu. A cikinsa akwai wata waƙa mai sanyi, "Everglow", kan abin da ke saura bayan mutum ya tafi. In ka saurara da kyau za ka ji muryar mace tana amsa wa Martin a hankali daga baya. Gwyneth Paltrow ce.