Gurɓataccen ruwa da abin da doka ta ce kan sinadarin naitiret

Ka'idar ingancin ruwan sha ta ƙasa, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya (SON) ta fitar a 2007, ta kafa iyaka: kada naitiret ya wuce miligiram 50 a kowace lita ta ruwan da mutum zai sha. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar ke nan ma. Saboda jarirai aka fi tsaurara shi. Idan aka dama wa jinjiri madara da ruwan da naitiret ya yi wa yawa, jininsa yakan gaza ɗaukar iskar da yake shaƙa, har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasa ruwan kuwa ba ya maganinsa, sai ma ya ƙara wa naitiret ɗin ƙarfi a cikinsa.

A Kaduna naitiret ba baƙo ba ne. Yana fitowa daga takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki da fadamun bakin kogi, da masai da aka haƙa dab da rijiya, da ruwan dattin masana'antu da ke bin magudanai a yankin Kakuri har ya faɗa Kogin Kaduna.

Masana'antu su ne dokar NESREA (hukumar kare muhalli ta tarayya) ta 2007 ta kama kai tsaye. Sashe na 27 ya haramta zubar da abu mai cutarwa a ruwa, ƙasa ko iska fiye da yadda aka halatta. A yadda aka kafa ta a 2007, dokar ta tanadi tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin da ya kai shekara 5 ga mutum, kamfani kuma a ƙara masa naira 50,000 kowace rana har sai ya daina. A jihar Kaduna, hukumar kare muhalli ta jihar, KEPA, ce ke sa ido. A ganina, ga babban kamfani wannan tara kuɗin cefane ce.

Shi ya sa binciken da masana ke yi yanzu ya ja hankalina. Ana tsoma faranti na jan ƙarfe ko gaurayensa cikin gurɓataccen ruwan, a sakar masa lantarki, sai naitiret ya rikiɗe ya zama ammoniya, wadda da ita ake yin takin yuriya. Hanyar Haber-Bosch da manyan masana'antun taki ke bi wajen yin ammoniya tana buƙatar zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani. Wannan kuwa a zafin ɗaki ake gwada ta. Yawancinta har yanzu a ɗakin gwaji take, kuma ba a kammala shawo kan tsada da lalacewar farantan ba. Idan ta kankama, mai masana'anta zai tace ruwansa don ya sayar da abin da ya tsamo, ba don tsoron jami'an duba ba.

Rijiyar tsakar gida dai babu mai zuwa ya auna ta. Gidan da ke da goyo, masai kuma na kusa da rijiya, gara a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji.