Ƙarin da ke fitowa a tantanin ƙwaƙwalwa: tambayoyi kan mai juna biyu

Wane irin ƙari ne wannan, kuma daji ne?

Ƙwaƙwalwa a naɗe take cikin tantani hawa 3, daga nan ne wannan ƙari da likitoci ke kira meninjiyoma yake tsirowa. Galibinsa ba daji ba ne, kuma a hankali yake girma. Illarsa danne ƙwaƙwalwa ko jijiyar gani, tunda ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Mata sun fi maza samunsa, kusan ninki biyu.

Cikin ne ke kawo shi?

A'a. Yawanci yana nan tun kafin cikin, shiru. Amma jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, jiki yana riƙe ruwa, kuma da yawa daga irin wannan ƙari suna jin sinadarin furojestaron da ke hauhawa lokacin goyon ciki. Sai ya kumbura, ya bayyana kansa. Wasu kan ɗan saɓe bayan haihuwa.

Ta yaya za a bambanta shi da laulayi?

Nan ne abin ya fi damuna. A gidajenmu na Sakkwato, mai ciki ta yi kukan ciwon kai da amai, sai a ce laulayi ne. Ta faɗi tana jijjiga, a ce iska ce. Laulayi kan lafa bayan wata 3 ko 4. Amma aman da ya dawo da ciki ya tsufa, ciwon kan da ya fi tsanani da asuba, gani na dushewa, hannu ko ƙafa ɗaya na mutuwa, duk ba na zama a ɗaki ba ne. Jijjigar masu ciki kuwa tana zuwa ne bayan mako 20, galibi tare da hawan jini. Idan aka auna jini lafiya lau amma tana jijjiga, a duba ƙwaƙwalwa. Ganin da aka bari ya daɗe da tafiya ba lallai ya dawo ba.

Hoton ƙwaƙwalwa ba ya cutar da ɗan tayi?

Na'urar MRI, wadda ake ɗaukar hoton da ita, ba ta amfani da hasken eksire, ana yi wa mai ciki, sai dai a guji allurar gadoliniyam, wadda ake yi don hoton ya ƙara fitowa sosai. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, daga wurin awo a nemi takardar turawa can.

Dole a zubar da cikin?

Yawanci ba a kai ga haka. Ana ba da maganin rage kumburi, a sa mata ido, a jinkirta aiki sai ta haihu. In gani na tafiya ko rai na cikin haɗari, ana yin aikin da cikin a jikinta. Idan matsi ya yi yawa cikin kai, likita kan zaɓi a ciro jaririn ta hanyar fiɗa don kada yunƙurin naƙuda ya ƙara shi, don haka wannan haihuwa ba ta gida ba ce. Kuma kafin ta karɓi allurar tazarar haihuwa ta wata 3, ta gaya wa likita tana da wannan ƙari, domin an danganta daɗewa a kan allurar da samuwarsa.