Me ake nufi da "kasuwa ta biyu" a cinikin zane-zane?

A watan Fabrairun 2020, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani zanen Amoako Boafo, ɗan ƙasar Ghana, a Landan a kan fam 675,000. Kafin ranar, masu kimanta kaya sun yi hasashen ba zai wuce fam 50,000 ba. Labari ya bazu, aka yi ta yi wa matashin barka kamar kuɗin aljihunsa za su faɗa. Alhali zanen ya bar hannunsa tun a shekarar da ta gabata, a kan abin da bai kai dala 25,000 ba. Wanda zanen ke hannunsa shi ya kai shi gwanjo, shi kuma ya kwashi ribar. Irin wannan ciniki ne ake kira kasuwa ta biyu.

Sai an san ta farko ake gane ta biyun. Kasuwar farko ita ce karon farko da aiki ya bar hannun wanda ya yi shi ya koma hannun mai saye. Ko a ɗakin aikinsa aka yi cinikin, ko wani ya ga hoton a Instagram ya turo saƙo, ko a rumfar wani babban baje koli irin su Art Basel, ko 1-54 da aka fara a Landan a 2013, ko ART X Lagos da aka fara a 2016, duk kasuwar farko ce. A nan kaɗai mai zane ke da tabbacin samun rabonsa. In ta hannun galari aka sayar, wato gidan da ke baje kolin aikinsa yana nema masa masu saye, al'adar da ta fi yawa ita ce a raba kuɗin biyu daidai. Sabon shiga kan ji rabin nan ya yi yawa, sai ya ga lissafin haya da jigila da inshora da kuɗin rumfa sannan jikinsa ya ɗan yi sanyi.

Duk wani ciniki da ya biyo bayan wannan, kasuwa ta biyu ce, ko da zanen ya canja hannu sau goma. Mutane kan ɗauka gwanjo ne kasuwa ta biyu, galari kuma ta farko. Galibi haka ne, amma ba wurin cinikin ake dubawa ba, wanda ya kawo kayan ake dubawa. A Satumban 2008 Damien Hirst, mai zane ɗan Birtaniya, ya tsallake galarinsa ya kai sababbin ayyukansa kamfanin gwanjo na Sotheby's kai tsaye, aka yi cinikin kusan fam miliyan 111 cikin kwana biyu. Gwanjo ne da gudumar da ake bugawa in ciniki ya faɗa da komai, amma kasuwar farko ce, tunda daga hannunsa kayan suka fito.

Bambanci mafi girma yana wajen farashi. A kasuwar farko galari ke yanke shi, bisa girman aikin da inda mai zanen ya taɓa baje koli da kuma gidajen adana kayan tarihi da suka sayi aikinsa, kuma a hankali ake ɗaga shi, da gangan. A gwanjo kuwa, mutum biyu masu kuɗi da taurin kai sun isa su ninka farashi sau goma cikin minti biyar, kowa na ƙara tayi a kan na ɗan'uwansa. Adadin da jaridu ke bugawa ma ba shi ne ainihin inda guduma ta sauka ba, har da la'adar da mai saye ke biyan kamfanin gwanjon a ciki.

Wannan giɓin da ke tsakanin farashin galari da na gwanjo ne ke jawo masu saye don su juyar. Su kama aikin matashi da fentinsa bai gama bushewa ba, bayan 'yan watanni su tura shi gwanjo. Ga mai kallo daga nesa abin kamar alheri ne ga mai zanen, tunda sunansa ya fito. A ganina illar ta fi yawa ga wanda bai kafu ba. Duk wanda ke riƙe da aikinsa zai so ya sayar tun kasuwa na ci, kaya su yi yawa, farashi ya karye. Sakamakon gwanjo kuma a fili yake, kowa na iya dubawa. Zanen da aka fitar babu wanda ya taya, 'yan kasuwar kan ce ya ƙone, kuma tabon kan bi sauran ayyukan mai shi shekaru. Shi ya sa manyan galari ba sa sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi. Sukan sa mutum a layin jira, su binciki halinsa, wasu har su sa shi ya rattaba hannu cewa ba zai sayar ba sai bayan shekara uku ko biyar, kuma in zai sayar su zai fara yi wa tayi.

Rigimar tsohuwa ce. A 1973, a New York, Robert Scull, attajirin da ya yi arziki da motocin tasi, ya yi gwanjon zane-zanen da ya tara. Wani aikin Robert Rauschenberg da ya saya dala 900 ya tashi a dala 85,000. Ana tashi Rauschenberg ya tare shi a gaban jama'a har da tunkuɗa, yana ƙorafin shi ke shan wahala wani na cin riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Scull ya mayar masa da cewa ai yanzu sababbin ayyukansa ma za su yi tsada, kuma a gaskiya bai yi ƙarya ba, sai dai Rauschenberg ya riga ya yi suna a lokacin.

Wasu ƙasashe sun shigar da doka cikin lamarin. Faransa ce ta fara, a 1920, da haƙƙin da ke ba mai zane ko magadansa wani kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ta hannun dillali ko gwanjo. Tarayyar Turai ta mai da shi wajibi ga mambobinta a 2001, Birtaniya ta fara aiki da shi a 2006, Ostireliya kuma a 2010 da kashi 5 cikin 100. Kada a zaci wani abin kirki ne sosai. A tsarin Turai ana ba da kashi 4 cikin 100 a kan yuro 50,000 na farko, kason ya yi ta raguwa yayin da farashi ke hawa, kuma komai tsadar zanen ba a biyan fiye da yuro 12,500 a ciniki guda.

Amurka, wadda ta fi kowa girman kasuwa, ba ta da irin wannan doka a matakin tarayya. Jihar California ta kafa tata a 1976, kotu ta kassara ta a 2018. Sannan yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallakar fasaha, ta bar abin a kan ba-ni-in-ba-ka: baƙon mai zane ba ya iya neman kasonsa a wata ƙasa sai in dokar ƙasarsa ma ta amince da haƙƙin. Wannan ne ya sa Senegal da Kongo suka kai batun gaban hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya, WIPO, a 2015, suna neman a sa shi cikin jadawalin tattaunawa.