Mu fidda yaran lakwal su ga itatuwa da idonsu

Assalamu alaikum iyayen yara, da ku mushe da madam masu riƙe da ƙananan azuzuwa a nan Yamai. Ni ma'aikacin gandun daji ne, aikina rainon itatuwa da zagayawa wajen masu jardan, kuma maganar da na kawo yau ta daɗe tana damuna. Yaranmu na birni suna cin miyar kuka kusan kullum, suna shan kunun tsamiya, suna cin kwaɗon zogale, amma ka tsayar da ɗan CE1, wato aji uku na firamare, gindin kuka ka ce wannan wane icce ne, sai ya yi shiru yana kallonka. Ba laifinsa ba ne wallahi, daga gida sai lakwal, daga lakwal sai gida da tele, wa ya nuna mashi?

To abinda nake roƙo ba wani babban abu ba ne. Ko sau ɗaya a shekara a fidda yaran nan daga aji a kai su inda itatuwa suke. Muna da wuraren. Ga gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe tun 1959, mutane suna kai yara don zaki da kura da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a jihar Agadas, amma sai a wuce itatuwan wurin ba a ko ɗaga kai ba. A cikin gidan nan ne aka ajiye gangar iccen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai tsakiyar hamada har wata babbar mota ta buge shi a 1973 aka kwaso shi aka kawo Yamai. Ka tsayar da yaro gabansa ka tambaye shi, icce guda cikin rairayi ba ruwan sama, ina yake samun abin sha? Daga nan darasin saiwa ya fara, kuma ba zai manta ba. Ga kuma jardan na bakin kogi inda ake noman salati da kabeji da tumatir, ga wuraren rainon itatuwa, ga dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da gari tun 1965, duk da dai wasu sassansa yanzu shara da gine-gine sun cinye, abin da ciwo, don haka sai malami ya fara zuwa ya duba wurin da ƙafarsa kafin ya kwaso yara.

In an je kar a cika su da bayani, yara ne. Icce huɗu ko biyar sun isa. A bar su su shafa bawon, su murza ganye su sunsuna, su kama hannun juna su zagaye gangar kuka a ga yara nawa za su iya rungume ta. Ni dai in na samu gawo nan nake daɗewa, don iccen nan abin mamaki ne, da damina lokacin da kowane icce ya yi kore shar shi sai ya kaɗe ganyensa, ganyen ya zama taki, rana ta samu hatsin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa za ka ga geron gindin gawo ya fi na nesa kyau. Da rani kuma da komai ya bushe sai ya fito da ganye, ya yi inuwa, 'ya'yansa su zama abincin awaki da tumaki. Manoman Maradi da Damagaram sun gane haka, da sassaben zamani suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980 har miliyoyin hekta suka farfaɗo. Yaron Nijar ya kamata ya san wannan tun yana ƙarami. In da hali a tafi da wata kaka ko wani dattijo daga unguwa, su ne suka san aduwa da magarya da kalgo da sabara da amfanin kowanne, kuma yara sun fi sauraron labarinsu.

Yanzu ga wajen da nake son ku natsu sosai, don sanin icce har da kariya a ciki. Tumfafiya tana ko'ina a garin nan, bakin hanya, kango, bayan lakwal, yara suna son fasa ƙwallon nan nata mai iska, amma farin ruwan da ke fita jikinta in ya shiga ido yana iya yi mashi mummunar illa. In ya faru a wanke idon da ruwa mai tsabta da yawa, a yi ta zubawa, kar a murza, sannan a tafi likita. Bini da zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa sun yi kama da gyaɗa har ga ɗanɗano, yaro ya ci kaɗan sai amai da zawo. Zaƙami kuwa sunansa na biyu ma haukata yaro. A nuna masu waɗannan ƙuru-ƙuru a ce ga su, a kafa doka tun daga ƙofar lakwal, ba mai sa komai a baki sai babba ya gani. Kar su ɗaga dutse ko su cusa hannu cikin rami ko kogon icce saboda kunama da maciji da zuma. In Allah ya kiyaye maciji ya sari yaro, don Allah ban da tsaga wurin, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau, a kwantar mashi da hankali a hana shi tafiya a ɗauke shi zuwa likita nan take. Kuma in jardan ɗin bakin kogi aka je ba mai shiga ruwa ko da wasa, ban da haɗarin nutsewa akwai tsargiya.

Lokaci kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, a fita da sassafe a dawo kafin azahar. Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ku bar yaran mutane a inuwa. Kowane yaro da gorar ruwansa da hula da takalmi rufaffe, ba silifa ba, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A tambayi iyaye tun da wuri wa ke da fuka, wa ke da amosanin jini, don mai fuka ƙurar hunturu tana tada mashi ciwo, mai amosanin jini kuma ba ya son ƙishirwa da gajiya. A ƙirga yara wajen fita, a ƙirga wajen dawowa, mutum ɗaya ba zai iya da aji guda ba, sai iyaye mata sun taimaka.

Maganar kuɗi na san ita ce ke hana da yawa. Ku kai ta gaban COGES, wato kwamitin kula da lakwal, a tattauna, in kuɗin mota ya gagara a taka da ƙafa zuwa jardan mafi kusa, masu jardan ba sa ƙin yara in an nemi izini da mutunci. Da an dawo a ba kowane yaro ledar ruwa da aka shanye, a huda gindinta, a cika da ƙasa da taki, ya sa ƙwayar zogale da hannunsa, cikin sati biyu zai ga ta tsiro. Na kuka da gawo bawonsu da tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi su kwana. Tunda ranar 3 ga Agusta ta dashen itace tana faɗowa cikin hutu, a bar yara su tafi da nasu gida su ci gaba da ban ruwa, ruwa na sauka a dasa, a kewaye da ƙaya saboda awaki.